Ƙasar kanwa da tsirranta: abin da manomin fadama a Daura ya kamata ya sani

Ƙasar kanwa takan samu ne a kwarin da ruwa ke shiga ba ya fita. Ruwan sama yana wanko gishirin da ke cikin ƙasa da duwatsu ya tara shi a kwari. Idan rani ya yi, zafin rana ya janye ruwan, sai gishirin ya tsaya a sama, ya yi farin ɓawo. Inda kanwa ta fi yawa a cikin gishirin, laka takan narke ta toshe ƙofofin ƙasa, ruwa ya kwanta ya ƙi nutsewa, in ta bushe kuma ta yi tauri har fartanya ta riƙa tsalle a kanta. A ma'aunin tsami da kanwa na ƙasa, wanda 7 ne tsakiyarsa, irin wannan ƙasa takan haura 8.5.

Fitattun kwaruruwan kanwa mafi kusa da Daura suna arewa maso gabas, a Jamhuriyar Nijar: Gidimuni a jihar Damagaram, ƙasar Muniyo da ke kewayen Gure, da ƙasar Manga har zuwa Maine Sorowa. Daga can fatake suka daɗe suna ɗauko jar kanwa da farar kanwa da mangul a kan jakuna da raƙuma, su gangaro kudu zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Daura tana kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Kano, kuma har yau kanwa ba ta yankewa a kasuwar Mai'aduwa, domin makiyayi na ba dabbobinsa ita, uwargida kuma na jefa ta a wake da kunu.

Tsirran waɗannan kwaruruwa ba sa fitowa barkatai. Suna jeruwa ne zagaye-zagaye, gwargwadon ƙarfin kanwa da zurfin ruwan ƙasa. Tsakiyar kwarin, inda ake kwasar kanwa, fili ne fetal. Daga nan sai gajerun ciyayi masu kaifin baki da ke rarrafe, tare da kacalla a inda ruwa ke kwanciya. A zagaye na gaba, inda kanwa ta yi sauƙi, ake samun dabino da lambuna. Can bakin kwarin kuma goriba ce ke yin kurmi, tana tsaye tsakanin kwari da tudun rairayi.

Kowane tsiro da dabarar da yake jure wa gishiri. Wani saiwarsa ce ke tace ruwa ta hana gishirin shiga. Wani yana tara ruwa a ganye mai kauri don ya surka gishirin, kamar itacen asawaki, wanda raƙuma ke so ƙwarai, wanda kuma mutanen gaɓar Tafkin Chadi suka daɗe suna ƙona shi su tace tokarsa su sami gishirin miya. Akwai kuma dangin da masana ke kira Atriplex, ƙananan itatuwa masu ganye ruwan toka, waɗanda ke tura gishiri cikin wasu ƙananan ƙuraje a bayan ganye, in sun cika su fashe. Su ne suka mamaye kwaruruwan hamada a yammacin Amurka da Ostireliya da Arewacin Afirka, inda ake kiwon tumaki a cikinsu. Ganyensu yana da gina jiki, amma dabbar da ta ci shi sai an wadata ta da ruwa mai daɗi, an kuma haɗa mata da harawa ko kara.

Yawancin ƙasar masarautar Daura jigawa ce, ƙasar gero da gyaɗa da wake, kuma rairayi ba ya riƙe gishiri. Haɗarin yana fadama. Damina a nan wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekara rana ce da iska. Noman rani kuwa sai bunƙasa yake a kewayen madatsun Daberam da Sabke, da kuma fadamun Zango da Baure da Sandamu, inda ake jan ruwa da inji. Babu ruwan da ba ya ɗauke da ɗan gishiri. Idan ana ban ruwa shekara da shekaru ba tare da magudanar da za ta fitar da rarar ba, ruwan ƙasa yakan taso kusa, rana ta ja shi sama, gishirin ya taru daidai wurin saiwa.

Malamin gona da ke zagayen fadamu yana gane farkon matsalar tun kafin awo. Farin gari yakan fito a kan kunya da bakin kwalbati. Shuka takan fito fako-fako, ganye ya ƙone daga baki, ta yi yaushi alhali ƙasa na da damshi. Albasa da karas su ne ke fara nunawa, tumatir da alkama su ɗan daure, sha'ir da dabino kuwa su fi kowa haƙuri. Ciyawa ma shaida ce: idan kiri-kiri ta ci gaba da yaɗuwa a inda sauran ciyayi suka janye, to a bincika. Abin takaici shi ne da yawa sukan ɗauka yunwar taki ce, su ƙara zuba na zamani, alhali shi ma gishiri ne, sai ciwon ya ƙaru.

Magani yana farawa da awon ƙasa da na ruwa, wanda ma'aikatan hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, KTARDA, za su iya nuna hanyarsa, ana kuma yin sa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya. Idan gishiri ne kawai, a haƙa magudana, a yi ban ruwa mai yawa lokaci guda don ya wanke shi ƙasa. Idan kanwa ce, wanki kaɗai ba ya isa, sai an fara zuba garin jibsam ya saki lakar. Takin gargajiya yana buɗe ƙasa, rufe ta da kara ko ɓuntu kuma yana rage jan ruwan da rana ke yi.

Filin da ya riga ya lalace kada a bar shi tsirara. Goriba da bagaruwa da aduwa da kiri-kiri suna iya kama gefensa, su riƙe ƙasa, su ba da kaba da abin jima da abincin dabbobi. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, don haka ya dace masu raba dashe su zaɓi irin da ya yi daidai da kowace ƙasa, ba a kai mangwaro inda goriba kaɗai za ta rayu ba. Masu sare goriba don itace ko azara a bakin fadama kuma su sani cewa ita ce ke tare rairayi, kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta maye gurbin wadda aka kayar.