Filin Karnuka: Wace Unguwa Ce Ke Samu?

Ranar da aka miƙo mini takardar aikin a ofishin tsara birni a nan Amurka, dariya na yi. Wai filin sakin karnuka. Ni da na taso inda kare bai wuce gadi da farauta ba, me zan tsara?

Ashe da sauran karatu. A yawancin biranen ƙasar nan doka ta hana a saki kare a titi babu igiya, don haka ake killace masa fili. Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne na Ohlone a Berkeley, jihar Kalifoniya, a 1979.

Da na shimfiɗa taswirar birninmu, sai na ga filayen sun taru a unguwannin masu hali, masu gidaje da farfajiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: su ke zuwa taron majalisar birni, su rubuta wasiƙa, su tara kuɗi. Mai haya a hawa na shida, wanda shi ne ainihin mabuƙaci, yana wurin aikin dare lokacin da ake taron. Shi ya sa yanzu ba na fara tambayar wa ya nema. Ina auna wa zai iya isa da ƙafa cikin minti goma, ba tare da mota ba.

Ginin kansa ba wuya. Ƙofa biyu a jere, a rufe ta farko kafin a buɗe ta biyu. Ɓangaren ƙananan karnuka daban. Inuwa, ruwan sha, kwandon zuba kashi. Tsakuwa tana da arha, amma tana riƙe keken guragu, kuma dokar haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta wajabta a yi musu hanya.

Abin da abokan aikina ke mantawa shi ne maƙwabcin da ba ya kiwon kare. A wani taron unguwa, wata dattijuwa 'yar Somaliya ta miƙe ta ce zanenmu ya sa ƙofar filin a bakin hanyar da jikokinta ke bi zuwa masallaci. Wasu suka ɗauka ƙiyayyar dabba ce. Ni na san zancen tsarki take yi, sai na bayyana musu. Muka mayar da ƙofar ɗaya gefen, muka dasa shuke-shuke a jikin shingen, aka ƙara kwana tara a kan aikin.