Bayani A Kan Shakka Mai Amfani Da Shakka Mai Cutarwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, na ce:

Ya ɗan'uwa, in ka ji zance dakata,
Tambayi wa ya faɗa, a ina ya jiya.
Shakkar da ke tura ka neman hujja,
Fitila ce, riƙe ta ka ga hanya.
Wadda ta zauna ba ta son a gwada mata,
Waswasi ce, maza bar ta a baya.

SHARHI

Ku sani, ya 'yan'uwa, shakka ita ce zuciya ta tsaya tsakanin i da a'a, ba ta rinjayar da ɗaya ba. Abin da nake nufi da baiti na farko shi ne umurnin da ke cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, cewa a nemi tabbacin labarin fasiƙi don kada a cuci mutane bisa jahilci.

Magabata sun bar mana ma'auni biyu. Na farko, a duba mai faɗa. Imamu Buhari, wanda ya rasu a 256 Hijira (870 Miladiyya), ba ya karɓar hadisi sai ya san adalcin kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa.

Na biyu, a duba zancen kansa. Ibnu Haldun, cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377 Miladiyya, ya tarar Mas'udi ya ce mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salamu, sun kai 600,000. Sai ya auna: Farisa ta fi su girman mulki nesa ba kusa ba, amma rundunar Rustum a Ƙadisiyya 120,000 ce. Saboda haka ya ƙi adadin, duk da girman mai ruwayar.

Amma waswasi, alamarsa ita ce an kawo hujja bai natsu ba, kuma ba ya iya faɗin abin da zai gamsar da shi. Wannan ciwo ne, maganinsa zikiri da zama gaban malamai.

To, ya muridi, wanda ya zo maka da mafarki ko karama ko magani, ko saƙo a waya mai ɓata sunan wani Musulmi, tambaye shi: wa ya gani, kuma ya dace da Shari'a da hankali? In babu amsa, kame bakinka, domin wanda ka yaɗa wa ƙarya zai tsaya da kai ranar hisabi.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Amin.