ƘWARƘWASA A CIKIN GIDA: Abin Da Ya Kamata Kowane Mai Gida Ya Sani

Ƙasar Suleja, wadda aka sani da sunan Abuja kafin a ɗauki sunan a ba sabon babban birnin Tarayya da aka tsayar da shawarar ginawa a 1976, ƙasa ce mai ruwa da duhuwar itatuwa. Damina takan kama tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba. Wannan laima ita ce ƙwarƙwasa ke so, shi ya sa mazauna ƙauyuka da unguwannin gefen gari, kamar Madalla da Kwamba da Maje, sukan wayi gari ko su farka da tsakar dare su tarar ta cika musu gida.

Halinta

Ƙwarƙwasa ba kamar cinnaka ko kiyashi take ba, waɗanda ke zama a gida shekara da shekaru. Ita matafiya ce. Runduna guda takan kai miliyan 20, kuma ma'aikatanta makafi ne, ƙanshin da na gaba suka bari a ƙasa shi na baya ke bi. Manyan cikinsu masu ƙaton kai, watau sojojin, su ke tsare gefen layi, in kuwa suka kama fata ba su saki. Takan fito da dare ko bayan an ɗauke ruwa, gama ba ta jure zafin rana. Farauta ke kawo ta, kuma ƙanshin man ja da nama da ƙashi yana jawo ta ƙwarai. Idan ta cinye kyankyasai da kunamu da sauran ƙwarin da ta samu, cikin 'yan sa'o'i takan wuce. Saboda haka manoma da yawa ba su ɗauke ta abokiyar gaba ba.

Haɗarinta yana kan wanda ba ya iya gudu: jariri, da tsoho, da majinyaci, da kajin da aka rufe a akurki, da akuyar da ke ɗaure a turke. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Idan ta shigo

1. A fara fid da jarirai da tsofaffi da marasa lafiya zuwa fili mai haske.
2. A kwance dabbobi, a buɗe akurki.
3. A haska fitila a ga inda layin ya fito da inda ya nufa. Kada a tattake shi, domin watsuwa za ta yi ta cika ɗaki.
4. A zuba toka mai kauri, gwamma mai ɗumi, a bakin ƙofofin da ba ta riga ta shiga ba, a bar mata hanyar fita zuwa daji.
5. Ɗakin da ta riga ta cika a bar mata shi har ta gama.

Wanda ta hau, a tuɓe masa tufafi nan da nan, a cire ta ɗaya ɗaya da hannu, gama kakkaɓewa ba ta fid da ita. A duba kunne da hanci da gashin kai, musamman na yara, sa'an nan a wanke wurin da ruwa da sabulu. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, lalle a garzaya da shi Babban Asibitin Suleja ko asibiti mafi kusa.

Abin da ba a yi

Sau da yawa maganin da akan yi cikin firgita ya fi cizon ɓarna. Kada a zuba fetur ko kananzir a kunna wuta kusa da ɗakin ciyawa ko rumbu. Kada kuma a fesa maganin gona a ɗakin kwana. DDT da Gammalin 20, waɗanda aka saba da su a dā, suna cikin magungunan da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 da ƙarin da aka yi mata a 2009 suka hana ko suka taƙaita. Haka kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, saboda rayukan da aka yi asara.

Rigakafi

A nome ciyawar da ke kewaye da gida, a kwashe tarin itace da shara daga jikin bango, a toshe tsagar daɓe da ramukan gindin ɗaki. A rufe man ja da nama da kyau, a wanke kwanoni kafin a kwanta. Jariri ya kwana a kan gado cikin gidan sauro, a sa ƙafafun gadon cikin gwangwanaye masu ruwa, kada kuma zane ya taɓa ƙasa. Tokar murhu kuwa a riƙa tara ta a tukunya tun farkon damina, a ajiye ta tare da fitila inda hannu zai kai da dare.

Ana roƙon masu unguwanni da malaman makaranta su karanta wa jama'arsu wannan bayani.