Ɗalibin Kimiyyar Siyasa da Ruwan Kogin Haɗeja

Idan yaro ya sami shiga jami'a aka ce kimiyyar siyasa aka ba shi, sau da yawa iyaye sukan yi jim. Mai karatun likita an san asibiti ya nufa. To, shi wannan fa? Wasu sun ɗauka koyon yawon kamfe ne da iya zaƙin baki a kan duro. Ba haka ba ne. Ilmi ne na sanin yadda ake riƙon jama'a: wa ke yanke hukunci, wa ya ba shi ikon, ina iyakarsa, wa kuma zai tsawata masa in ya ƙetare. Ɗan ƙasar Haɗeja ba sai ya yi nisa ba kafin ya ga amfanin wannan ilmi, domin kogin da ya ratsa ƙasarsu ma hukumomi ne ke juya shi.

Bari mu bi ruwan tun daga sama. Kogin Kano da na Challawa su suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Tun daga nan, yawan ruwan da zai iso Auyo da Haɗeja da Kiri Kasamma da Guri, da lokacin isowarsa, ba damina kaɗai ke faɗa ba, har da hannun ma'aikatan da ke sakinsa. Su kuwa ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, hedkwatarta kuma tana Kano. A da fadama takan cika da damina ta bushe da rani. Da ruwa ya koma gudu duk shekara, sai kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya sami maɓoya a cikinta yana fitowa yana cin hatsin mutane. In ruwan sama ya yi yawa, kamar a 2020 da 2022, sai kogi ya rasa hanya ya faɗa gonaki da gidaje.

To, manomin da shinkafarsa ta nutse, ƙofar wa zai buga? Yawanci kansila yakan tara, ko shugaban ƙaramar hukuma, ya zazzage masa fushinsa, alhali ba su da ikon rage ko ƙara ko da guga ɗaya na ruwan Tiga. Tsarin mulkin 1999 ya bar maganar ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Majalisar Tarayya, saboda haka ɗan majalisar wakilai da sanata su ya kamata a riƙe. Ƙasar noma kuwa Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ta amana ga gwamna, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da izinin amfani da ta karkara. Agajin gaggawa yana da hukumarsa a Dutse, yana da wata a Abuja. In makiyayi da manomi suka yi sa-in-sa kan burtali ko mashaya, bulama da dagaci da hakimi ake fara nema, ga shi kuwa tsarin mulki bai ware wa sarauta aiki ko ɗaya ba. Ruwan kuwa bai tsaya a ƙasar Haɗeja ba. Ya shiga Yobe, ya haɗu da na Jama'are, ya bi iyakar Nijar ya nufi Tafkin Chadi, wanda ƙasashen da ke kewaye da shi suka kafa wa hukuma tun 1964. Duk wanda ya iya warware wannan zare ga mutanen ƙauyensu, ya ci rabin karatunsa.

Ku lura kuma da cewa hukumomi ba daga sama suka faɗo ba. Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja tana cikin jihar Kano. Sai ran 27 ga Agusta 1991 aka yanki Jigawa, madatsun suka zauna a wata jiha, fadama a wata. Kafin haka, a 1976, an yi gyaran da ya kawo ƙarshen mulkin En'e ya kafa ƙananan hukumomi, bayan an riga an karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna. Yau ƙasar Haɗeja da En'e ɗaya ke riƙe da ita a da ta zama ƙananan hukumomi 8.

A aji za a fara muku da Aflatun da Aristotal, a zo kan Montesquieu na Faransa da maganarsa ta raba iko tsakanin masu yin doka da masu zartarwa da alƙalai. Ku riƙe su da kyau. Amma kada ku zaci tunanin mulki baƙo ne a nan. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarakuna, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam, Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa. Haɗeja kanta ta ba da misalin da ya isa a kwana ana muhawara a kansa. A tsakiyar ƙarni na 19 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Sarki Buhari, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ƙi, ya dawo da ƙarfin yaƙi ya karɓe garin, ya ci gaba da mulki ba da yardar Sakkwato ba har ya rasu a 1863. Wane ne halattaccen sarki a waɗannan shekaru, mai naɗin Sakkwato ko mai riƙe da ganuwa? Haɗejawa suna alfahari da jarumtakarsa, garuruwan maƙwabta da ya kai wa hari kuwa labarinsu daban ne. Ɗalibin kirki sai ya saurari duka biyun, ko da ɗaya ya fi yi masa daɗin ji. Haka nan ya tambayi kansa me ya sa Turawa, bayan sun ci garin a 1906 Sarki Muhammadu ya yi shahada, ba su rushe sarautar ba, suka gwammace su yi mulki ta hannunta.

Akwai wata malama Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009 saboda binciken yadda jama'a ke tsara amfani da abin da suka yi tarayya a kansa, kamar ruwa da makiyaya da wurin su. Ta nuna cewa sau da yawa ƙa'idar da masu abu suka shimfiɗa da kansu ta fi ɗorewa a kan wadda aka aiko musu daga ofis. Abin takaici, ɗalibi zai haddace sunanta don jarrabawa a Jami'ar Bayero ko ta Dutse ko ta Kafin Hausa, bai taɓa zama da sarkin ruwan garinsu ya ji yadda ake hana su a wani tafki har ranar da za a buɗe shi ba.

Saboda haka in lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, kada ka kwafo na wani kan abin da ba ka taɓa gani ba. Nemi kasafin kuɗin jiha na bana, ka duba ko an sa kuɗin jinga da yashe kogi, nawa aka sa, nawa aka saki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar kogi takarda ka tambaya. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Je ka sakatariyar Guri ko ta Auyo da littafinka, ka gai da ma'aji cikin ladabi, ka tambaye shi ta wace hanya kuɗin watan jiya suka shigo.