Daga Maraɗi zuwa Damagaram a jirgin sama

Mu karanta

Maraɗi da Damagaram manyan garuruwa ne na ƙasar Nijar. Kowanensu yana da filin jirgin sama. Damagaram tana gabas da Maraɗi.

Mai mota yana bin hanyar kwalta. Yana ratsa Cadawa da Gazawa da Tasawa. Hanyar tana lanƙwasa nan da can. Tsawonta kimanin kilomita 240 ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana yin awa 3, in ba ta tsaya ba.

Jirgin sama kuwa yana miƙewa sak, kamar shamuwa. Tsakanin filayen biyu kimanin kilomita 200 ne kawai.

Kafin ya tashi, matuƙin jirgi yana yin lissafi. Dole ya san mintocin da zai yi a sama, don ya san yawan man da zai zuba. Mota in mai ya ƙare mata, sai ta tsaya a gefen hanya. Jirgi ba shi da wurin tsayawa a sama.

Mu lissafa

A ce ƙaramin jirgi yana gudun kilomita 300 a awa. Awa ɗaya minti 60 ce.
300 ÷ 60 = 5. A kowane minti jirgin yana cin kilomita 5.
200 ÷ 5 = 40. Zai yi minti 40 a sama.

To, amma akwai iska. Da hunturu iska tana busowa daga arewa maso gabas. Jirgin da ya nufi Damagaram yana karo da ita. A ce ta rage masa kilomita 60 a awa. Saura 240, wato kilomita 4 a minti.
200 ÷ 4 = 50. Tafiyar ta ƙaru da minti 10.

Wani lokaci hazo yana rufe gari har matuƙi ya kasa ganin filin. Sai ya yi ta kewaya, ko ya koma inda ya fito. Shi ya sa kullum ake zuba mai fiye da wanda lissafi ya nuna.

Matafiyi ma yana da nasa lissafin. Zai je fili da wuri. Za a duba takardunsa, a auna kayansa. Bayan ya sauka, zai nemi abin hawa zuwa cikin gari. Duk wannan lokaci ne.

Mu riƙe

Lokaci shi ne nisa a raba da gudu.
Iskar gaba tana ƙara lokaci, iskar baya tana rage shi.

Kalmomi

filin jirgin sama: l'aéroport
matuƙi: le pilote
nisa: la distance
gudu: la vitesse
hazo: la brume sèche

Tambayoyi

1. Don me hanyar mota ta fi ta jirgi tsawo?
2. Jirgi ya tashi daga Maraɗi da ƙarfe 9 da minti 10. Babu iska. Ƙarfe nawa zai sauka?
3. A dawowa iska tana tura jirgin, yana gudun kilomita 360 a awa. Kilomita nawa yake ci a minti?
4. Matafiyi ya jira awa 1 a fili, ya yi minti 50 a sama, da minti 20 zuwa gida. Da minti nawa ya riga mai mota?