Amsoshin Tambayoyinku: Baiti ko Murya?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa yana tambaya: me ke sa waƙa ta shahara, tsarin baitocinta ne ko kuwa yadda mawaƙi ya rera ta?

To Malam, ya danganta da irin waƙar. Ka ɗauki Imfiraji ta Aliyu Namangi. An ɗaure ta da kari da amsa-amo, shi ya sa makafi da almajirai suka yi ta rera ta a tasha da kasuwa, kowa da irin muryarsa, kuma ba ta rage armashi ba.

Waƙar Mamman Shata kuwa daban take. Shata ba ya zama ya rubuta. A gaban jama'a yake ƙago baiti, kalangu na jan sa, 'yan amshi na riƙe masa gindin waƙa. Za ka ji waƙa ɗaya a faifai biyu, baitocin sun sha bamban. In ka kwashe kalmomin ka zuba a takarda, wani baitin sai ya koma zance kawai, domin inda ya ja numfashi da inda ya bar kalangu ya yi magana ba sa hawa takarda. Tun rasuwarsa a 1999 mawaƙa da dama sun maimaita waƙoƙinsa, amma ni dai kunnena bai gamsu ba.

Saboda haka muna roƙon masu tsofaffin kaset na Shata, Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos su kwafe su a kwamfuta kafin zaren ya lalace.