Darasi: Sa'ad da Kwamfutar da Muka Harhaɗa Ta Ƙi Kama Wuta

'Yan'uwa, a wurare da dama yanzu samarinmu suna sayo kayan kwamfuta ɗaya ɗaya, su harhaɗa ta da kansu domin ofishin ikilisiya, ko ɗakin shan magani, ko ƙungiyar manoma. Wannan abu ne mai kyau, gama ya fi araha. Amma akwai ranar da za a danna maɓalli a ji shiru, alhali lissafin bashin taki da sunayen yaran da za a yi wa rigakafi duk suna ciki.

Abin ya taɓa samunmu a ofishinmu ana saura kwana uku taron shekara. Cikin gaggawa muka aika birni aka sayo sabon babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod. Da kuɗin baiko aka saya. Aka sa shi, kwamfuta ba ta tashi ba. Ashe fis ne ya ƙone a cikin fulogi.

Mai lambu, in ruwa bai kai fangalinsa ba, ba ya tumɓuke albasa. Yakan koma bakin rijiya, ya bi hanyar ruwa har ya ga inda ta toshe. Haka za mu bi wuta, daga bango har cikin kwamfuta. Abu ɗaya za mu sāke a lokaci ɗaya, mu gwada, sa'an nan mu ci gaba.

Dokoki biyu tukuna

1. Kafin mu sa hannu a ciki, sai mu zare fulogi daga bango, mu danna maɓallin kunnawa mu riƙe kaɗan, sa'an nan mu taɓa ƙarfen akwatin. Da hunturu jikinmu yakan tara wuta irin wadda ke tartsatsi a bargo, tana kuwa iya lalata allo.

2. Kada mu buɗe akwatin raba wuta, wato fawa-fak, ko kaɗan. Akwai abubuwa a cikinsa masu riƙe wuta bayan an zare fulogi, suna iya kashe mutum. In ya lalace, sai a sāke wani.

Mataki na ɗaya: bango da waya

Wutarmu a Nijeriya da Nijar ya kamata ta kasance tsakanin bolt 220 da 240. Mu auna soket da mitar awon wuta. Cajar wayar hannu ba shaida ba ce, gama takan yi aiki ko wuta ta yi ƙasa ƙwarai. In akwai doguwar waya mai soket da yawa, mu cire ta, mu sa fulogin kwamfuta a bango kai tsaye. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana da fis a ciki. Hanya mai sauƙi ta gwada shi ita ce mu ari wata waya irinta wadda muka tabbata tana aiki. In fis ne, mu sa sabo daidai da lambarsa. Kada mu ɗaura guntun waya a madadinsa, gama fis mai gadi ne, shi yakan mutu domin kaya su tsira.

Mataki na biyu: bayan akwati

A bayan fawa-fak akwai makunni mai alamar I da O. Dole ya kasance a kan I. Kada mu yi dariya, mai shara yakan taɓa shi bai sani ba. Waɗansu tsofaffin fawa-fak suna da wani ɗan jan makunni kuma mai lamba 115 da 230. Namu 230 ne. Mu lura ƙwarai da kayan da aka kawo mana kyauta daga Amurka, gama wutarsu bolt 120 ce. In aka sa irin wannan a wutarmu yana kan 115, nan take zai ƙone.

Mataki na uku: gwada fawa-fak shi kaɗai

Yawancin kwamfutocin tebur suna bin tsarin ATX wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, saboda haka launin wayoyi ɗaya ne. Mu zare fulogi, mu cire dukan wayoyin fawa-fak daga allo da sauran kaya. Mu ɗauki babban kan waya mai rami 24 (na dā 20 ne). Koriyar waya ɗaya ce tak a ciki. Mu lanƙwasa guntun waya, mu haɗa ramin koriyar da ramin wata baƙar waya. Sa'an nan mu sa fulogi, mu kunna. In fankar ta juya, yana da rai. In wayoyin duk baƙaƙe ne, sai mu duba takardarsa, rami na 16 shi ne na koriya, na 17 kuwa na baƙa. Waɗansu sababbi fankarsu ba ta juyawa sai sun ɗauki zafi, don haka mita ce za ta raba gardama.

Mu juya mita zuwa DC, baƙin tsinkenta a kan baƙar waya, jan tsinken a kan wadda muke aunawa:

Rawaya: bolt 12, kada ta gaza 11.4 ko ta wuce 12.6.
Ja: bolt 5, daga 4.75 zuwa 5.25.
Ruwan lemo: bolt 3.3, daga 3.14 zuwa 3.47.
Shunayya: bolt 5, tana nan kullum ko kwamfuta tana kashe, muddin akwai wuta.

In awo ya fita daga waɗannan iyakoki, fawa-fak ne mai laifi.

Mataki na huɗu: cikin akwati

In fawa-fak lafiya yake, to, sai mu binciki aikin hannunmu. Babban kan waya ya shiga allo har ya yi ƙas? Akwai kuma wani mai rami 4 ko 8 kusa da ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa. Sabon mai haɗawa yakan manta da shi. Kada mu rikita shi da na katin hoto, suna kama amma ba ɗaya ba ne.

Sai siririyar wayar da ta fito daga maɓallin gaba, an rubuta mata POWER SW. Takardar allo za ta nuna ƙafafu biyu inda take shiga. Mu cire ta, mu sa fulogi, mu taɓa ƙafafun nan biyu tare da bakin sukudireba, su kaɗai, sau ɗaya. In kwamfuta ta tashi, maɓalli ne ya lalace.

In har yanzu shiru, mu fito da allo mu ɗora a kan kwali, da furosesa da fankarta da sandar RAM ɗaya kawai. In ya tashi a waje, wani abu ne ke haɗa wuta a cikin akwati. Sau da yawa ƙusa ce ta faɗa ƙarƙashi, ko an bar ɗan ƙarfen da allo ke zama a kai inda babu rami.

Mataki na biyar: ta kama, ta sāke mutuwa

Wannan yakan zo daga zafi ko ƙarancin wuta. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, furosesa ta yi zafi, kwamfuta ta kashe kanta domin ta tsira. Mu hura ƙurar da famfon keke, muna riƙe da fanka da yatsa. Mu duba ko an shafa man da ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, ko kuma an manta ba a ɓare ledar da ke ƙarƙashin sabon ƙarfen ba.

In tana mutuwa sa'ad da aka ba ta aiki mai nauyi, mu karanta yawan wat da aka rubuta a jikin fawa-fak, wataƙila ya yi wa kayan kaɗan. In kuwa tana mutuwa sa'ad da firji ya tashi ko aka sa dutsen guga, ƙaramin janareta ne ya gaza. Masu wutar sola su lura, inbata mai araha ba ta ba da wuta sumul, waɗansu fawa-fak kuwa ba sa jure mata.

Rigakafi ya fi magani

Mu tayar da janareta ya daidaita kafin mu kunna kwamfuta, mu kashe ta kafin mu kashe shi. Mu zare fulogi sa'ad da aka ɗauke wuta, da lokacin da hadari ya taso da tsawa. In da hali mu sayi UPS, domin mu sami 'yan mintoci na ajiye aiki. Kowace Asabar mu kwafe lissafi a filashi, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. Kuɗin da aka sayi kayan nan, guminsu ne manoma da gwauraye suka kawo. Amana ce a hannunmu.

Tambayoyi

1. Don me za mu fara daga bango?
2. Me ya sa aka hana buɗe fawa-fak?
3. Wace lamba ce tamu, 115 ko 230?

Aikin yi: a wannan mako, mutum biyu su auna wutar soket ɗin ofis safe da yamma, su rubuta abin da suka samu, su kawo wa dattawa a taro mai zuwa.